Shimfiɗar da Malam Ya Zaɓa Mini

Ina shekarata ta biyu a Alƙahira abokan karatuna 'yan Masar suka gayyace ni kwana uku a saharar Fayyum. An gama jarrabawar zango na farko, shekarar kuma ta zo da wani irin sanyi; makonni kaɗan kafin nan har ƙanƙara aka ce ta zuba a bayan gari, abin da tsofaffin unguwarmu ta Ainu Shams suka rantse ba su taɓa gani ba. Wanda ya shirya tafiyar ya ce mota da tanti da abinci duk suna wuyansu, ni dai in zo da bargo da abin da zan shimfiɗa a ƙasa. Sau biyu ya maimaita mini cewa shimfiɗar ta zama mai ɗumi. Ni kuwa ban san shimfiɗa mai ɗumi ba. A gidanmu tabarma tabarma ce, ɗumi aikin bargo ne.

Ran Laraba bayan azahar na je unguwar Darrasa neman wani littafi, sai na haɗu da Malam a bakin masallaci. Mutumin Damagaram ne, ya kai shekara arba'in, yana rubuta kundin digirinsa na biyu a nahawu. Duk Alhamis yakan zaunar da mu ƙananan ɗalibai ya warware mana abin da ya shige mana duhu a aji, ba ya karɓar komai. Kullum cikin farar jallabiya yake, fes, ba yamutsa ko ɗaya. Mu dai a ganinmu ya riga ya isa inda muke fatan zuwa.

Da na gaya masa abin da ke gabana, sai ya rufe littafin hannunsa ya ce, "Yalla, mu je kasuwar Ataba. In na bar ka kai kaɗai, abin da ya fi kyau a ido za ka ɗauko."

Haka kuwa aka yi. Muna shiga wani ɗan shago mai sayar da tantuna da igiyoyi da fitilun hannu, idona ya faɗa kan wata katifa shuɗiya da ake hura wa iska, kauri kamar tafin hannu biyu. Na danna ta na ji laushi, na ce ita nake so.

"Ajiye," in ji Malam. "Wannan iska ce zalla a cikinta. Ƙasa za ta sanyaya iskar, iskar ta sanyaya bayanka. Ƙaya ɗaya kuma ta ishe ta."

Na nuna wata ta auduga. Ya ce raɓa za ta sha, kwana ɗaya ta zama kamar jiƙaƙƙen buhu. Daga nan ya miƙa hannu can saman kanta ya jawo wata naɗaɗɗiyar tabarmar soso, siririya, mai tauri, fuskarta ɗaya tana ƙyalli kamar cikin ledar madarar gari. Ya warware ta a kan tayil ɗin shagon, ya tattare jallabiyarsa, ya durƙusa a kai da gwiwa ɗaya.

"Ka gani? In gwiwarka ta ji ƙasa, ka bar ta. Wannan ba ta bari." Ya sa na kwanta a kai a gaban mutane, ya ce in yi shiru in saurari kafaɗata da ƙuguna, don ta nan sanyi yake fara shiga. Ya ce fuskar mai ƙyalli ita ke kallon jiki. Ya ce in nemi kwali in sa a ƙasanta, ninki biyu, da safe kuma in ɗaga ta ta sha iska. "Sanyin da ke kayar da mutum daga ƙasa yake hawowa. Bargo uku a sama ba sa maganinsa."

Ina kwance ina mamakin inda mai nahawu ya san duk wannan, sai mai shagon ya fito daga ɗakin ajiya. Dattijo ne mai ƙiba da hular ulu. Yana ganin Malam ya buɗe hannuwa.

"Ya shaikh! Yaya tantin? Ruwan nan da aka yi bai shiga ba?"

Malam ya ce, "Tamam, alhamdu lillahi."

"Tamam ina? Bara na gaya maka, bana ma ina gaya maka, saman bene ba wurin kwanan ɗan'adam ba ne a wannan watan. Ko tattabaru akurki ake yi musu."

Na tashi zaune a kan tabarmar. Larabcin kasuwa bai gama zama a kunnena ba, don haka na fara tuhumar kaina, na ce ko ban ji daidai ba ne. Amma da na dubi Malam sai na ga ya sunkuyar da kai yana naɗe igiyar da ba ta buƙatar naɗi. Ban san yadda na biya na fito ba.

Mun yi tafiya mai tsawo, ni da tabarma a hammata. Sai da muka kusa Darrasa ya tsaya.

"Ka ji abin da ka ji. Zo ka gani da idonka, kada zuciyarka ta ƙara masa gishiri."

Wani tsohon bene ne mai hawa bakwai, babu lifta. Mai gadin gidan, wanda suke kira bawwab, ya miƙe ya gaida Malam da girmamawa. Muka hau har sama, ya tura wata ƙofar ƙarfe. Tsakanin tankunan ruwa biyu, a jikin katanga, ga wani ƙaramin tanti kore an danne gefunansa da bulo. A ciki akwai irin tabarmar da ke hammatata, ta tsufa, tsakiyarta ta lotsa daidai tsawon mutum, kwalaye a ƙarƙashinta. Littattafansa suna cikin ledoji a kan wani katako da aka ɗora bisa duwatsu. Ya ɗaga gefen tabarmar don ya gyara kwalin, sai na ga fararen jallabiyoyinsa biyu a ninke a ƙasa, cikin leda. Ashe nauyin jikinsa ne dutsen gugarsa.

Na ce, "Malam, tun yaushe?"

"Wata goma sha huɗu."

Na zauna a kan bulo. Sau nawa muka raka shi har bakin layin nan bayan darasi, ya sallame mu da murmushi, muka juya muna cewa Malam ya ji daɗi, gidansa kusa da masallaci?

Ya ba ni labarin a taƙaice, kamar na wani yake bayarwa. Gidan da yake haya ne ya tsage, aka fitar da su da safe ɗaya. A lokacin tallafin karatunsa ya ƙare, kundin bai ƙare ba. Ɗan abin da yake samu wajen duba kurakuran rubutu a wata maɗaba'a gida yake turawa, ga mahaifiya ga iyali. Bawwab ɗin ne ya ba shi mabuɗin sama, shi kuma yana koya wa 'ya'yansa mata biyu Alƙur'ani.

"Ba wahala ba ce kamar yadda fuskarka ta nuna," in ji shi. "Amma amana ce. Kada in ji ta a bakin kowa."

Na yi masa alkawari.

Na je Fayyum. Tabarmar ta yi aikinta. Da asuba abokaina biyu masu katifar iska suka tashi bayansu a sandare, ni kuwa lafiya lau. Amma ban ga saharar ba. Ana hawa tudun rairayi ana ihu ana ɗaukar hoto, ni ina ta lissafin ranar da aka yi ruwa da iska a garin, muna ɗaki mu huɗu da hita muna ƙorafin sanyi.

Ranar da na dawo na karya alkawarin. Na gaya wa abokan zamana uku. Babbanmu, wani Bakatsine, ya ajiye cokali bai ƙara kai loma ba. Washegari muka tafi mu duka muka hau benen. Malam ya buɗe ƙofar ƙarfen, ya dube su, sannan ya dube ni. Ban taɓa ganin fushi a fuskarsa ba sai ranar.

Bakatsinen ya durƙusa ya ce, "Malam, ɗakinmu ɗakinka ne. Don Allah."

"Khalas, ya isa," in ji Malam. "Ban roƙi kowa ba."

Muka yi magiya har la'asar. Abu ɗaya ya yarda da shi: littattafan su koma wurinmu saboda laima. Muka sauke su buhu-buhu muka shiga jirgin ƙasa na metro da su. Ni kuwa wata guda cur yana amsa sallamata kawai. A darasi in na yi tambaya sai ya ba da amsar yana kallon wani. Cikin wata na biyu zazzaɓi ya kwantar da shi, bawwab ya kira mu, muka ɗauko shi a tasi. Kwana goma sha ɗaya ya yi a gadona. Ran na sha biyu ya ninke bargon, ya ce mini, "Ma'alish, yi haƙuri, ƙanena," ya koma saman benensa. Daga nan maganarmu ta dawo.

Da bazara ta gaba ya kare kundinsa a gaban kwamitin malamai. Muna zaune a zauren sai ga bawwab ya shigo cikin sabuwar jallabiya, da matarsa da 'yan matan nan biyu, suka wuce kai tsaye layin gaba. Da aka sanar da sakamako matar ta miƙe ta rangaɗa guɗa har shugaban kwamitin ya cire tabarau yana neman inda sautin ya fito. Malam ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa. Bayan mako biyu muka raka shi filin jirgi ya tafi gida.