Fankar Aku

Mun tashi a gidanmu na Suleja ba mu san fanka ba. Mahaifinmu, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma, fatawarsa ɗaya ce a kan bazara: zufa magani ce, fanka kuwa ciwon ƙirji take sawa. Innarmu ta roƙa har ta gaji, ta koma wa maficinta. Da shi ta yi ta fama a ƙarƙashin rufin kwano har Allah ya karɓi abinsa.

Akwai aku a gidan. Wani direba ne ya sayar wa Baba shi a Diko, amma a bakin madafi ya girma, ya kwashe muryar Inna kaf. Bayan rasuwarta, kullum da hantsi sai ka ji daga keji, "Malam, a kawo ruwa?" Baba kuma ya amsa cikin ladabi, ya ce a bari sai an jima.

Da bazara ta kama, ranar nan ta Suleja mai narka kwalta ta buɗe, akun ya yi gum. Ya saki fukafukai, baki buɗe yana haki, ko gyaɗa ba ya kallo. Aka daina tambayar Malam ruwa, Malam kuwa ya daina cin abinci.

Wata rana na dawo daga aiki a Abuja bayan la'asar, na tarar da dattijon da ko butarsa sai an ɗauko masa ya kinkimo keji shi kaɗai zuwa gindin mangwaro. Ya rufa masa jiƙaƙƙen buhu, yana guntsar ruwa yana fesa wa tsuntsun kamar mai guga. A gefe ga fanka mai caji sabuwa fil, ko ledarta ba a gama cirewa ba, an saita ta daidai keji. Akun har ya fara ɗaga kai yana gyara gashinsa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tambayi Baba ko shi aku ba shi da ƙirji ne. Ya ci gaba da feshinsa. Sai na lura rigarsa ta jiƙe sharkaf, tausayi ya kama ni, na ce ya matso, iskar za ta ishe su su biyu.

Ya ja kujerarsa baya, inda iskar ba ta kaiwa.

"Bar ni a nan," ya ce. "Innarku ma haka ta zauna."