Ranar da Na Kwance Ɗaurin Likita

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba na jin zan manta abin da na yi wa karena da hannuna, tun garin Lafiya yana ƙarƙashin jihar Filato.

Karen gona ne, ja, shi ke kore mini birai daga doyata a hanyar Doma. Wata safiya tarkon gyazbi ya kama shi a ƙafar gaba, ya farfasa gaɓar. Ni ɗan gidan ɗori ne, kaka da uba, amma ina taɓawa na san wannan ta fi ƙarfina. Na sa shi a kwando bayan keke, sai wajen wani likitan dabbobi a cikin gari.

Likitan ya yanka, ya haɗe ƙasusuwan biyu da ƙarfe, ya ɗinke, ya naɗe. Ya ce, "Malam, gaɓar nan ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba, amma zai taka. Ba ƙashin nake tsoro ba, ƙwayar cuta nake tsoro. Kar ka kwance fa, kar ruwa ya taɓa. Ran Litinin ka dawo da shi."

Na ce to, amma a raina cewa nake, yaron jiya ne zai koya mini karaya? A gidanmu ba a barin ɗori ya kwana uku ba a gasa ba. Rana ta huɗu na ɗora ruwa a wuta.

Matata ta ce, "Maigida, ba cewa aka yi a bari ba?"

Na ce, "Ke dai miƙo man kaɗanya."

Na kwance, na gasa da tsumma, na shafe ɗinkin da mai da garin saiwa. Abin da ke ci mini rai har yau, ina yi yana kaɗa mini jela.

Kafin Litinin ƙafar ta kumbura, mugunya na tsiyaya, wari ya tara ƙudaje, ko romo ba ya kallo. Likita ya buɗe, ya duba, sannan ya ce, "Me ka sa?" Na faɗa masa, kaina a ƙasa.

Ya ce, "Karayar da kuke gasawa, fata a rufe take. Wannan an buɗe ta har ƙashi. Cuta in ta samu ƙarfe ta maƙale, allura da ƙyar take fitar da ita."

Ya cire ƙarfen, ya wanke, ya yi ta allura. Kwana uku karen ya mutu. Na binne shi a bakin gona, kuma wallahi na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Tarko bai kashe shi ba, likita ma ya yi nasa. Ni na kashe shi, da so da taurin kai. Tun daga nan, duk wanda aka kawo mini da karaya ga rauni a buɗe, asibiti nake tura shi, ko za a ce na kasa gado. Na gane ilimin gidanmu yana da inda ya tsaya, kuma wanda ya ƙi yarda da haka, ba a jikinsa abin yake ƙarewa ba.