Inna Mai Juya Tukwane

"Ba zan ɗauke su ba, yallaɓai."

Haka Inna mai shara ta faɗa, tsintsiya a hannu, ranar da sabon shugaban asibitinmu ya ce a kwashe tukwanen furenta daga tagogin ɗakin masu karaya a kai zauren baƙi. Masu duba asibitoci na nan tafe cikin mako biyu, yana son su shigo su ci karo da jan fure.

"Zauren nan ba taga," in ji ta. "Kwana huɗu za su fara miƙa wuya wajen ƙofa, su kife. Waɗannan na kwance kuma me za su kalla? Silin?"

"Inna, shara aka ɗauke ki yi ko gardama?"

"Shara. Na kuwa gama, leƙa ƙarƙashin gado ka gani."

Wani tsoho da aka rataye wa ƙafa ya yi ta dariya har sai da ma'aikaciyar jinya ta zo ta gyara masa igiya. Ni ce ma'aikaciyar.

Shekara ashirin da shida Inna ta yi tana sharar wannan asibiti. Furen sunansa amarilis, amma mu albasar Inna muke ce masa, don tushensa kamar ƙatuwar albasa yake. Karansa kan kai tsawon hannu, ya ɗauki manyan furanni huɗu a ka, ga shi da kwaɗayin haske. Ka manta da shi kwana biyu, ka tarar ya karkata wajen taga. Shi ya sa kowace safiya, kafin ta taɓa tsintsiya, take bin tukwane goma sha huɗu tana juya kowace kaɗan. Ta yi wa bakin kowace ɗigon alli don kada ta rikice. Ba ta binne albasar duka, sai ta bar kafaɗarta a waje. Ba ta zuba ruwa sai ta cusa yatsa ta ji ƙasa ta bushe. Wani likita ya taɓa kawo mata sanduna ta ɗaure karan. Ta yi godiya, ta ce, "Likita, mutanen nan sun gaji da ganin ɗauri. Fure ma sai an ɗora shi?"

Ina da shekara goma sha huɗu na kwanta a gado na shida, cinyata a karye. Na ƙi abinci, na ƙi magana, na juya wa mahaifiyata baya. Inna ta dire mini tukunya kusa da kaina, ba ganye ba komai, ta ce, "Ke 'yar nan, ga abokiyar tsere. Mu ga wa zai riga miƙewa." Ta ce juyawar aikina ne, in karan ya karkata laifina. Don kada a ce na kasa, sai na fara cin abinci. Furen ya riga ni da kwana tara. Yau ina da takardu, ina sa fararen kaya a ɗakin nan, kuma a gaban kowa zan faɗa: malamata ta farko a jinya ko sunanta ba ta iya rubutawa.

Inna, ke ce wadda ta san mai jinyar wata uku yana bukatar abin da zai jira ban da allura. Ke ce kika ga abin da mu masu karatu muka wuce. Na gode. Waɗanda suka fita daga ɗakin nan da ƙafafunsu sun gode. 'Yan uwana ma'aikata, in kun san daidai a ɗan aikin da ke hannunku, ku tsaya a kansa kamar yadda ta tsaya.

Tukwanen dai ba su motsa ba, don masu ɗaukar kaya sun ce su ba za su iya haɗa ido da ita ba. Shugaba ya sayo furen roba. Bayan mako guda takarda ta fito, an mai da Inna ɗakin wanki, can ƙasa. Aka ce ta ba da haƙuri a rubuce a dawo da ita. Na ce zan rubuta mata. Ta ce, "In ce na yi me? Ajiye biron nan."

Daga nan kullum sai ta hau bene hawa uku ta juya tukwane, ta sauka, sannan ta kama wanki. An ja mini kunne kada in yi wannan rubutu. Ga shi na yi, wanda ya ji haushi ya san inda nake aiki.

Ranar Alhamis Inna za ta ajiye aiki. Shugabancin masu shara da ya kamata ya zo kanta an ba wadda ita ta koya wa aiki. Shekara uku ta yi cikin tururi da ruwan sabulu, gwiwarta ta hagu ba ta lanƙwasuwa yanzu. A jerin waɗanda za a karrama bana, babu sunanta.