Katafilar Maigandi Direba

Duk wanda ya zauna a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi ya san Maigandi Direba, ko bai san sunansa ba ya san farar rigarsa. Gajere ne mai ɗan tumbi, ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa manyan ma'aikatan gwamnati tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato da Abuja. Abin da yake taƙama da shi, bai taɓa goge ko kaza da motar gwamnati ba, kuma bai taɓa komawa gida da ɗigon baƙin mai a jiki ba. Idan taya ta yi faci a hanya, sai ya tuɓe farar rigar ya ninke, ya ciro wata tsohuwa da yake ɓoyewa a but, sannan ya taɓa jak.

Da ya yi ritaya bai daɗe yana hutawa ba sai yayarsa Adama ta aiko daga Ambursa. Kowa a garin Goggo yake ce mata. Tun rasuwar mahaifinsu ita ke riƙe da fadamar gidansu, tana sa a noma shinkafa, tana aiko masa da rabonsa a buhu. Yanzu gwiwoyinta sun fara ƙi, ta ce ya zo ya kama nasa gefen.

Ya je da farar riga da takalmi sau-ciki. Ya tsaya a kan kunya yana nuna wa 'yan ƙwadago aiki da tsinin lema, har Goggo ta gaji da kallonsa.

"Maigandi, shinkafa ba ta jin magana daga nesa. Shigo."

Ya naɗe wando ya shiga. Bai yi nisa ba ya ji wani abu mai sanyi a ƙwaurinsa, ya duba ya ga matsattsaku ya lafe yana shan jininsa. Waɗanda suke wurin sun ce ba su taɓa ganin mai tumbi ya yi irin wannan gudu a cikin laka ba. A hanyar komawa gida, a bayan ɗan kabu-kabu, ya yanke shawarar cewa zai yi noma, amma a zaune.

Akwai wani tsohon maigidansa da ya koma Argungu ya kafa lambun mangwaro. Maigandi ya tuna ya taɓa ganin wata 'yar ƙaramar tarakta ja a lambun, wadda ba ta fi ɗan maraƙi girma ba, ana yankan ciyawa da ita ana jan 'yar tirela. Ya je gaisuwa, ya tarar da ita a gindin bishiya, kaji sun mai da kujerarta wurin ƙwai. Maigidan ya ce ya ɗauka, Allah ya sa ta yi masa amfani.

Aka gyara injin, aka kai ta Ambursa. Maigandi ya hau, ya gyara hula, ya sa giya. Ta shiga fadama da kuzari, ta yi 'yar tafiya, sai tayoyin baya suka fara juyawa a wuri ɗaya suna haƙa wa kansu rami. Tana nutsewa yana ɗaga ƙafafu, har ya koma tsugune a kan kujera. Da shanun huɗa aka jawo ta, shi kuma wani ƙato ya goyo shi zuwa tudu.

Goggo ta ce, "Wagga aba ta birni ce, kamar mai ita."

Maganar ta tsaya masa a rai. Ana cikin haka, wata rana ya bi ta inda ake aikin hanya bayan an yi ruwa, ya ga katafila tana tafiya a kan caɓi ko a jikinta. Ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙafarta, wannan shimfiɗaɗɗen ƙarfe da take shimfiɗa wa kanta tana takawa. Daga nan bai zame ko'ina ba sai shagon Gbenga mai walda.

Gbenga a Birnin Kebbi aka haife shi. Mahaifinsa ya zo daga kudu yana sayar da kayan keke, ya zauna har ya rasu. In kana bayan katanga kana jin Hausar Gbenga ba za ka ce ba Bakabe ba ne. Sun daɗe da Maigandi, kuma yawancin abotarsu gardama ce.

"Benga, so nika ka mayar min da tarakta katafila."

Gbenga ya ɗaga gilashin walda daga fuskarsa. "Direba, ka karya kumallo kuwa?"

"Ba ka iyawa ke nan."

"Wa ya ce ba ni iyawa? Cewa na yi kai ne ba ka da lafiya."

Da yake shagon ƙarami ne, a tsakar gidan Maigandi aka yi aikin. Suka samo tsofaffin tayoyin babbar mota, suka yanke gefe da gefe suka bar tsakiyar, suka haɗa su da kusoshi suka zama bel biyu masu faɗi. A bayan kowane bel aka ɗaura guntayen ƙarfe a gicciye don su kama laka. Matsalar ita ce ƙarfe ba ya isa, kuma duk lokacin da ya ƙare sai idon Maigandi ya fara yawo a cikin gida.

Baiwa, matarsa, ta fara neman baronta na ɗebo ruwa ta same shi a kife babu taya. An ce mata ana bukatar ƙananan tayoyi a tsakiya don su danne bel. Bayan nan turken igiyar shanyarta ya ɓace. Ranar da ta dawo daga unguwa ta tarar da tsohon gadon ƙarfen da aka kawo ta da shi a tsakar gida, Gbenga ya durƙusa a kansa da zarto, ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye mayafi ta zauna a kan gadon, ta kira Gbenga da sunan ɗansa.

"Baban Tope, yanka. Amma da ni za ka yanka."

Gbenga ya tattara zartonsa ya ce shi dama umarni aka ba shi. Sai da Maigandi ya je kasuwar 'yan gwangwan ya nemo wani ƙarfen.

Babbar rigimarsu a kan sitiyari aka yi ta. Gbenga ya bayyana cewa abin da ke tafiya a kan bel ba ya juyawa da sitiyari. An ƙulle tayoyin gaba sun miƙe, an raba birkin baya gida biyu, kowane gefe da sandarsa. Ka ja ta dama, bel ɗin dama ya tsaya, ta juya dama. Ka ja ta hagu, ta yi hagu. Ka ja duka biyun, ta tsaya.

"To sitiyarin fa?"

"Na cire. Ba shi da aiki."

Maigandi ya ce shi bai taɓa jin abin hawa babu sitiyari ba sai jaki, kuma ba zai zauna mutane su gan shi riƙe da sanduna biyu kamar mai tuƙa tuwo ba. Suka yi ta yi har Gbenga ya bar zuwa. Daga baya ya dawo, ya ɗauki sitiyarin ya mayar da shi mazauninsa, yana juyawa sumul amma ba a haɗe yake da komai ba.

"Ga shi nan, na ado ne. Kada ka manta."

"Ni za ka koya wa tuƙi?"

Ranar gwaji da hantsi aka cire ƙyauren gidan aka turo ta waje. Unguwa ta taru. Abin ya fito da faɗi, ja a sama baƙi a ƙasa, yana ƙara kamar injin niƙa. Maigandi ya hau cikin sabuwar farar shadda, ya yi bisimilla, ya saki kuloci. Ta motsa. Bel ya juya, ƙarafan suka riƙa cizon ƙasa, yara suka sa ihu. Saurinta bai wuce na tsohuwa mai komowa daga kasuwa ba, don haka jama'a suka bi ta a ƙafa, wasu ma suna gabanta.

A ƙarshen layin hanya ta karya hagu, kuma daidai kwanar akwai katangar ƙasa ta gidan Malam Muhyiddeen, malamin da ke karantar da manyan ɗalibai a farfajiyarsa. Maigandi ya hango kwana, hannunsa ya yi abin da ya saba yi tun yana saurayi. Ya murza sitiyari hagu. Katafila ta ci gaba da miƙewa. Ya ƙara murzawa, ya taka birkin ƙafa, wanda shi ma tuni aka raba shi da aikinsa.

Gbenga yana tafe a gefensa yana ihu, "Sanda! Ja sandar hagu!" Ya miƙa hannu zai kashe injin, Maigandi ya buge hannun.

"Bari! Tana hannuna!"

Saboda rashin saurinta, kowa ya sami lokacin ba da shawara. Wani ya ce a sa dutse, aka sa, ta haye shi. Wani ya zaga da gudu ya gaya wa Malam. Malam ya sa ɗalibai suka kwashe littattafai, suka naɗe tabarmi, suka koma gefe suka tsaya suna jira. Katafila ta iso ta dafa katanga, ta ɗan yi nishi, katangar ta kwanta. Ta shiga farfajiyar, Maigandi na bisa ya yi fari fat da ƙura, har yanzu yana murza sitiyari. Sai a nan Gbenga ya samu ya zare makulli.

Malam Muhyiddeen ya dubi Maigandi ya ce, "Wa alaikumus salam, Malam Maigandi. Ko da yake ban ji sallamarka ba."

Maigandi ya sa aka gyara katangar. Malam ya ce tunda Allah ya buɗe wurin, a bar ƙofa a nan, dama ɗalibansa suna shan zagaye.

Da aka ɗora katafilar a mota aka kai Ambursa, mutanen gari suka fito kallo, don labari ya riga ta isa. Aka sauke ta a bakin fadama. Abin mamaki, ba ta nutse ba. Ta hau laka ta zauna daram, tana tafiya tana barin sawu mai faɗi a bayanta. Gbenga ya cire hula ya jefa sama.

Amma matuƙin bai canja ba. Ya riƙe sanduna da niyya mai kyau, da zarar ya ga kunya ta matso sai ya sake su ya cafki sitiyari. In ya tuna ya koma, sai ya finciki sanda ɗaya da ƙarfi, katafila ta yi ta juyi a wuri ɗaya tana watsa wa 'yan kallo laka. A juyi na ƙarshe ta nufi irin shinkafar da Goggo ta yafa.

Goggo ta taso da sandarta tana ɗingishi. "Kashe ta! Kashe ta, na ce!"

Wannan karon ya kashe. Ta dubi Gbenga. "Kai, ɗan nan, mi ne aikin itacen ga biyu?"

Ya gaya mata.

"Ashe akala ce. Yadda aka jan raƙumi. Maigandi, sauka."

"Yaya, wannan inji ne. Sai wanda ya san..."

"Sauka, ko in sa a sauke ka."

Aka goyo shi zuwa tudu, aka ɗaga Goggo aka ɗora. Ta ɗaure zanenta tamau, ta cusa carbi a wuya. Gbenga ya tayar mata ya sa giya. Ita da ba ta taɓa tuƙa ko keke ba, ba ta da abin mantawa. Ta ja dama, abu ya yi dama. Ta ja hagu, ya yi hagu. Ta kai ƙarshen gona ta juyo tana yi wa injin tsawa kamar yadda take yi wa shanu, sitiyarin kuwa ta rataya butarta a jikinsa.

Tun daga ranar katafila ba ta koma Badariya ba. Huɗarta ba ta da zurfi sosai, kuma bel yakan zame lokaci-lokaci sai an kira Gbenga, amma a wajen jan kaya babu kamarta. Lokacin girbi, inda mota ba ta shiga, ita ke fito da buhunan shinkafa daga cikin fadama zuwa bakin titi, nasu da na maƙwabta. Mutanen Ambursa suna ce mata Kunkurun Goggo. Maigandi ya yi ƙoƙarin gyara sunan, bai yi nasara ba. Yakan zo ya duba mai da ruwa, ya goge ta tas, ya gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ya koya wa yayarsa tuƙi. Wasu manoma daga Argungu sun zo sun gani, sun nemi Gbenga ya yi musu irinta, ya ce zai yi da sharaɗin ba za a kawo masa tsohon direba ba.

A bara Goggo ta ce ta gaji da hawan babur, da katafilarta za ta riƙa zuwa Birnin Kebbi ganin jikoki. Maigandi ya ce ba a hawa titin gwamnati sai da lasisi. Yana tsammanin maganar ta mutu ke nan, sai ta ce to ya je ya karɓo mata.

Ya je ofishin, ya sami wani jami'i da suka san juna tun yana aiki, ya nuna masa hoton katafilar a waya. Jami'in ya juya wayar sama, ya juya ta ƙasa, ya kira abokin aikinsa.

"Mota ce?"

"A'a."

"Tarakta?"

"Da can."

"Wa ke tuƙawa?"

"Yayata."

Suka dubi furfurar Maigandi, suka dubi juna. Na biyun ya ce shi a iya saninsa babu ajin da za a sa wannan abu, amma don Allah duk ranar da za ta shigo gari a sanar da su, yana so ya kawo iyalinsa su gani.