Maɗaurin Agogon Baba

A safiyar ranar, Baba ya tashi da ƙarfe shida, ya daidaita agogon hannunsa da na rediyo, kamar yadda ya saba tun yana aiki a masaƙa. Mama ta dama koko, ta zuba a kofi uku. Ni ina gugar rigar da zan sa in je neman aiki. Gidanmu yana Unguwar Boro.

Tara da kwata muka ji harbin farko daga wajen babban titi. Tara da rabi hayaƙi ya tashi a bayan layinmu. Maƙwabcinmu ya doki ƙofa: "Ku fito! Ku yi unguwar Kamazou!" Mama ta bi matan layi. Na kama wuyan hannun Baba, domin gwiwarsa tana ciwo.

Muka bi lungu. A bakin wani kwalbati jama'a suka cunkushe. Aka yi harbi kusa, biyu ko uku, ban tabbatar ba. Aka tura ni gaba. Da na waiwaya, babu Baba. Goma da minti goma na isa harabar wani coci a Kamazou. Washegari aka samo gawar Baba.

Watanni ina ɗauke da magana guda: ni na saki hannunsa. An yi mana addu'a, kuma na gode, amma ban iya faɗa wa kowa wannan ba, balle Mama. Na daina fita. Na daina cin abinci tare da ita.

Ƙawata Rifkatu ce ta kai ni wurin wata masaniyar halayyar ɗan Adam. Sai da na karanta lasisinta da ke jikin bango kafin na zauna. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta ce abin da na faɗa a ɗakin ba zai fita ba. A zama na huɗu ta sa na rubuta ranar bi da bi, na karanta mata. Ta saurara har ƙarshe.

"Ta yaya kika san goma da minti goma ne?"

Na ce agogon Baba na duba, a hannuna yake. Ta tambayi yadda ya zo hannuna. Na ciro shi daga jaka. Maɗaurinsa a tsinke yake daga gefe guda. Na sha ganin haka, ban taɓa tsayawa a kansa ba.

"Wanda ya saki hannu, maɗauri ba ya tsinkewa a tafinsa," in ji ta.

Na goge kalmar "saki". Na rubuta cewa an fizge shi daga hannuna. Da yammacin nan na nuna wa Mama agogon, muka yi kukan da ba mu taɓa yi tare ba.

Har yanzu ina zuwa wurin matar duk Laraba. Agogon yana tafiya, ban gyara maɗaurin ba. Da safe Mama tana zuba koko a kofi biyu.