Fuskar da Yaya Ilu Ya Ƙi Gogewa

Shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar yayana, Ilu mai zane, Allah Ya jiƙansa. Ban yi niyyar rubutu ba, sai da wani jikansa ya turo mini hoton tunawa da shi a waya. An wanke masa fuska ta yi fari fat, an shafe tsagar gadonmu, an liƙa masa wata babbar riga mai ƙyalli wadda bai taɓa sawa ba. Na kifa wayar.

A zamanin da kuɗin fetur suka ɓarke, rumfarsa tana bakin tashar Maraɗi a Jibiya. Yakan zana fuskar mutum da fentin mota a kan katako, sannan ya nemi ƙyalle daga tsohuwar rigar mai hoton ya manna da ƙaro. Hula kuwa da guntun fatar jima yake yin ta, ƙasan hoton kuma da yashin gulbi. Direbobi da fataken hatsi har layi suke yi.

Wata rana wani ɗan sumogan fetur da ya yi kuɗi dare ɗaya ya zo da sabuwar marsandi. Ya ce a zana shi fari, ban da tsaga, don ƙauyanci ce. Yaya Ilu ya ajiye buroshi ya ce, "Alhaji, wagga tsaga ubanka ya sa aka yi maka ita. In kana jin kunyarshi, ni ba ni taya ka." Mutumin ya sa aka tashe shi daga rumfar. Shekara biyu yana zane a zauren gidanmu, bai taɓa cewa da na sani ba.

Yau kowa yana sayen fuskar da ba tasa ba, har matattu ba a ƙyale ba. Ashe kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Da Yaya Ilu yana raye, na san tsaki kawai zai ja.

Yawancin allunansa gara ta cinye. Amma bara na ga ɗaya a Gangara, wurin wata tsohuwa da idonta ya mutu. Mijinta ne a jiki. Ta shafa ƙyallen ƙirjinsa ta ce mini, "Rigar da ya zo zance da ita ce. Ni na yi mata wanga ɗinki."