Yaya Sule da gangar baƙin mai

Shekara shida ke nan da muka kai Yaya Sule makwancinsa. Ni ba marubuci ba ne, bakanike ne, garejina yana unguwar Doka a Kaduna, kuma aji uku kawai na yi a boko kafin a kai ni koyon gyaran mota. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya yi haƙuri. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne akwai amanar da ya bar mini, kuma a daminar bana saura kaɗan in yar da ita.

Mahaifinmu masunci ne, daga ƙasar Zamfara ya zo Kaduna da tarunsa a kafaɗa. Sule ne ya gaje shi, ni tun ina ƙarami tsoron ruwa nake yi. Da aka gama yaƙin basasa sai labari ya zo cewa ana ɗaukar leburori a Kudu, a jiragen ruwan da ke kai bututu da abinci wurin da ake haƙar mai a tsakiyar teku. Sule ya ce in dai ruwa ne ya san shi. Ya bi motar shanu ya tafi.

Ashe bai san wancan ruwan ba. A wani ƙauye na bakin teku aka sauke su, inda itatuwa ke tsaye cikin ruwa da saiwoyinsu a waje. Wata safiya ya fito ya ga kifi birjik a kan ruwa, ciki sama. A wajenmu in ka ga haka, to wani ne ya daka magimfa ya zuba, ganyen nan mai bugar da kifi, kuma kifin ciwuwa yake yi lafiya lau. Sai Sule ya ɗauka rabo ne ya zo masa har ƙofa. Ya shiga kwalekwale ya kwasa, ya yi banda, ya cika kwando, ya ba wani direba ya kawo wa Innarmu. Mutanen ƙauyen suna tsaye suna kallonsa, ba wanda ya taɓa ko ɗaya. Ya ce a ransa waɗannan ba su san arziki ba. Sai bayan kwando ya tafi ya gane cewa mai ne ya ɓalle daga can cikin teku, ruwa ya koro shi cikin rafukan ƙauyen, ya kashe kifin.

Ina gida ranar da kwandon ya iso. Inna ta buɗe, warin kananzir ya cika ɗaki. Ta gutsuri kaɗan, ta tauna, ta haɗiye da ƙyar. Ta rataye kwandon a ɗakinta, ba ta ba kowa ba, ba ta kuma yarda a zubar ba.

Abin da ya fi ci masa rai ba kifin ba ne. Shugabannin aikin sun raba musu famfunan feshi da wani farin magani mai kumfa, aka ce su fesa a kan man kafin jami'in gwamnati mai dubawa ya iso. Suna fesawa man yana nutsewa. Jami'in ya zo, ya leƙa daga cikin jirgi, ya ga ruwa garau, ya yi rubutunsa ya juya. Takalminsa ko jiƙewa bai yi ba. Bayan tafiyarsa wata tsohuwa ta kama rigar Sule ta ja shi bakin laka. Ta soka sandarta, ta zaro ta baƙi ƙirin tana ɗiga, ta ɗora masa a hanci. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa. Ya ce mini bai taɓa jin faɗan da ya shige shi kamar wannan ba.

Ya dawo Kaduna a rame, yana tari. Ban ce man ne ya kashe shi ba, ni ba likita ba ne, kwanansa ne ya ƙare. Yana zama ya tambayi Inna ko ta ci kifin nan. Shi ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. Ta dube ni ta ce, "Gaya wa yayanka ya yi daɗi." Ƙaton mutum ya kifa kai a gwiwa yana kuka.

Bayan 'yan kwanaki ya same ni a gareji ina juye baƙin man inji a kwata, kamar yadda kowa ke yi.

"Ɗanladi, ina kwatar nan ta nufa?"

"Oho, Yaya. Inda kwata ke zuwa."

"Rufe garejin ka biyo ni."

Muka bi ta da ƙafa, lungu bayan lungu, ina ta gunaguni, har ta kai mu kogi, daidai inda mahaifinmu ke shanya taru. Bai yi mini wa'azi ba. Washegari ya samo ganga da amalanke, ya shiga bin garejin Doka ɗaya bayan ɗaya yana roƙon baƙin mai, yana kai wa kafintoci da magina su shafa wa katako da azara saboda gara. Kanikawa suka sa masa suna Duba-gari Marar Albashi. In sun hango shi sai su ce a ɓoye gwangwanaye ga hukuma nan. Yakan yi dariya, ya miƙa mazurarinsa.

Da ciwo ya kwantar da shi bai bar mini wasiyyar gona ko gida ba, don ba shi da su. Cewa ya yi, "Ga ganga nan. Kada ka bari ya shiga ruwa."

Yau da zai tashi ya ga Kaduna, ban san me zai ce ba. Motoci sun yi yawa, kusan kowane gida mai katanga a Unguwar Rimi da tasa, kuma duk wajenmu suke zuwa juyen mai. Gangar da a da take yin wata ba ta cika ba, yanzu kafin Juma'a ta tumbatsa. Ga shi ana gina matatar mai a ƙetaren kogi, an ce bututu zai taso mata tun daga Kudu. Na san ba zai ce kada a yi ba, shi ma ya ci abinci a aikin man. Tambaya ɗaya zai yi: in an turo mai dubawa, zai sauko ya soka sanda a laka?

To ni na gaji, gaskiya ke nan. Bayana ya lalace, kafintocin unguwa sun ƙoshi da baƙin mai, wasu suna ganina suke ɗaga hannu. Wata rana da hantsi ana sheƙa ruwan sama, ganga a cike, ga garwa guda ba inda zan sa. Na duba hagu da dama, na juye ta a kwata. Ruwa ya tafi da ita nan take, ba wanda ya gani.

Tuwo ya ƙi shiga ranar. Da gari ya waye na bi kwatar ni kaɗai har kogi. Mata suna wanki, wani dattijo yana gyaran taru. Na karyo kara na soka a laka, na zaro. Da baƙi a bakinsa. Nawa ne ko na wani gareji, Allah ne ya sani, amma ni ne nake riƙe da karan.

Yanzu na daidaita da wani direba mai zuwa Rigachikun, inda ake ta sababbin gine-gine, yana kai musu gangar duk mako ya dawo da ita wayam. Kanikawa biyu sun fara kawo nasu da kansu. Sauran suna nan suna zubawa, ba zan yi muku ƙarya ba. Sunan Duba-gari kuwa ya dawo kaina.

Sule bai bar ɗa ba, ko hoto bai bari ba. Ganga ce mai lamba a gefe, sai wata ɗabi'a da Inna ta ɗauka: ba a sa kifi a tukunyarta sai ta sansana. Jiya na kai mata tarwaɗa biyu daga wajen dattijon nan. Ta ɗaga ɗaya ta kai hanci, ta daɗe. Sannan ta ce, "Wannan ƙamshin ruwa kawai yake yi. Gaya wa yayanka."

Allah ya jiƙanka, Yaya. Ga shi na gaya maka.